Shekarar da Aka Zana Adda Kulu

Ku 'ya'yana, kun taso a Kebbe kuna jin ana cewa ubanku gwanin ɗinki ne a zamaninsa, wai hassadar maɗinkan Tambuwal ce ta koro shi. Wasu kuma in suna son ɓata muku rai sai su ce ba haka ba ne, gwaggonku Kulu ce ta jawo abin kunya tare da wata Baturiya har Baffa ya sallame mu. Na bar magana ta farko tana yawo domin tana yi mini daɗi. Na bar ta biyu domin ba yadda zan gyara ta ban rushe ta farko ba. Yanzu idona ya fara gajiya da karatu, kuma cikin mutanen da suka zauna a zaurenmu ranar nan ni kaɗai na rage. Saboda haka ga yadda abin ya faru.

Adda Kulu ta girme ni da shekara tara. Iyayenmu sun rasu muna ƙanana, sai muka tashi a hannun Baffa Ladan, wan mahaifinmu, mutum mai gona da 'yan shanu, wanda ba ya son a maimaita masa magana. Adda ta auri wani soja da ya dawo daga yaƙin Bama da keken ɗinki na hannu a cikin akwatin katako. Ya dawo da rawar hannu kuma, ba ya iya zura zare a allura, shi ya sa ya riƙa kiran matarsa ta zura masa. Daga zura zare ta koma riƙe ƙyalle, daga riƙe ƙyalle ta koma yanka. Da Allah ya yi masa rasuwa ta gama takaba, ta dawo gidan Baffa da keken, domin shi ne ya faɗo a rabonta.

A lokacin nan ɗinki sana'ar maza ce. Mace tana kaɗi, ta miƙa zare ga masaƙi, masaƙi ya miƙa ga maɗinki, kuma ba namijin da zai yarda a ce rigar da ke wuyansa mace ta ɗinka. Amma kaɗin kansa ya fara mutuwa. Auduga tana tafiya wurin awo a buhuna, akoko da alawayyo da atamfa suna shigowa kasuwa, abawar da mace za ta yi mako tana kaɗawa ba ta sayen gishiri da daddawa. Ni kuwa a lokacin saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, na yi 'yar elementare, na fito da ciwo ɗaya: ƙananan littattafan labarai da ake shimfiɗawa a kasuwa. In aka tura ni gona sai a same ni a gindin kalgo ina karatu. In aka ba ni shanu sai su shiga dawar mutane ina can tare da wani ɗan sarki da ya haye teku saboda wata kyakkyawa. Baffa ya gaji, ya ce tun da ga keke a gida, ni Sahabi in koyi ɗinki.

Na gwada, Allah ya sani. Ɗinkina yakan fara a miƙe ya ƙare kamar sawun maciji. Ranar da na ɓata yadin wani mahauci, Adda ta ture ni daga gaban keken, ta farke, ta gyara kafin azahar. Mahaucin ya zagaya kasuwa yana nuna wa mutane wuyan taguwarsa. Daga ranar muka shirya, ba tare da mun zauna mun yi shawara ba. Ni ke zama a rumfa ranar kasuwa, in karɓi yadi, in auna mutum da igiya in ƙuƙƙulle ta. Sauran kwanaki sai in shiga wani ɗaki a ƙuryar gida kusa da nata, wai ba na son hayaniya in ina aiki. Ita ta zauna gaban keke, ni in kishingiɗa da littafi. Duk wanda ya ji ƙarar keke ya san Sahabi na ciki. Matan gidan kaf sun sani, ba wadda ta faɗa wa mijinta. Shekara uku muna haka.

Sunana ya kai har Sanyinna. Malam Gado, dattijon maɗinkan garinmu, wanda ba ya yabon ɗinkin ɗansa ma, ya taɓa ɗaga wata rigar da na kai rumfa ya ce yaron nan hannunsa ya girmi shekarunsa. Malam Gado kuwa shi ne mahaifin Luba. Ba zan tsawaita a kan Luba ba, don mahaifiyarku na da rai kuma tana iya karatu. Zan ce kawai tana da wata irin dariya da takan fara a ido kafin ta sauko baki, kuma na rubuta mata wasiƙu da yawa da ban taɓa aikawa ba, tun da ba ta iya boko. An yi magana tsakanin manya, an sa biki bayan an gama kaka. Malam Gado ya ba da ita ne ga gwanin ɗinki, kuma na san haka sarai.

A farkon kakar nan ne Baturen rijiya ya sauka a barikin Tambuwal, yana bin garuruwa ana haƙa rijiyoyin siminti. Ya zo da matarsa, wata doguwa mai jan gashi da rana ta toya wa hanci, tana jin Hausa daidai gwargwado. Ba ta zama a bariki. Kullum a gan ta a bakin kasuwa ko wurin masu jan ruwa da wani akwati mai ƙafa uku, tana shafe-shafen fenti. Wata safiya ta zo ƙofar gidanmu tare da ɗan saƙon hakimi, ta ce tana son ta shiga ta zana mace tana kaɗi, domin an gaya mata sana'ar tana ƙarewa. Baffa bai so ba, amma ba a mayar da ɗan saƙon hakimi hannu wofi. Ya zaɓi Adda saboda ba ta da miji da zai yi fushi, ya sa ni in zauna a wurin, sannan ya kafa sharaɗi: in an gama, sai an kawo masa hoton zaure ya gani kafin ya fita daga gidan.

Ranar farko Adda ta fito da taskira da mazari, ta shafa alli a yatsu, ta zauna gindin durumin tsakar gida. Maza duk suna gona wurin girbi. Rabonta da mazari ya kai shekara huɗu, zaren sai tsinkewa yake yi, ƙananan matan gidan suna leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Baturiyar ta lura abin ba ya tafiya. Don Adda ta saki jiki, sai ta ajiye buroshi ta fiddo wani kwali cike da katuna, ta ce mu zo mu ga irin zanen da take koyi da shi, na mutanen Faransa ne tun zamanin kakarta.

Ni na matso ina sa ran ganin 'ya'yan sarakuna irin na littattafaina. Abin da na gani daban ne. Ga wata ta duƙa a kan dutsen guga, kafaɗarta ta karkace. Ga wata zaune ita kaɗai a lambu ta buɗe jarida ta rufe rabin fuskarta. Ga wasu a kanti suna ɗinka huluna. Ga wata cikin kwalekwale, hasken ruwa yana rawa a haɓarta. Baturiyar ta yi mana bayani da Hausarta mai tuntuɓe. Ta ce a da, a ƙasashensu, matan sarakai da na attajirai kaɗai ake zanawa, a zaune cak cikin kayan ado kamar an dasa su. Da jirgin ƙasa ya zo, birane suka cika, mata suka fito neman na kansu a kantuna da gidajen wanki, wasu suka koyi karatu, sai waɗansu masu zane suka bar ɗakunansu suka bi su inda suke. Suna zane da sauri kafin rana ta gusa, domin su kama mutum a tsakiyar abin da yake yi. Ta ce an yi musu dariya shekara da shekaru. Ta ce har da mata cikin masu zanen, kuma su da ba a bari su shiga wuraren maza, sai suka zana abin da ke cikin gidaje, wanda maza ba su taɓa tsayawa sun duba ba.

Adda ta bi katunan ɗaya bayan ɗaya, ta dawo kan katin mai guga. Ta daɗe tana kallonsa.

"Wagga ta iya aikinta," in ji ta. "Dubi yadda ta danne da kafaɗa, ba da hannu ba. Mi sunanta?"

Baturiyar ta ce ba wanda ya sani. Adda ta tambaya ko matar ta yi ado ne ta ari dutsen guga don a zana ta, aka ce a'a, aikinta ke nan kullum. Ta gyaɗa kai, ta goge allin yatsunta a gefen zane, ta ce yau ta gaji, a dawo gobe.

Washegari da hantsi na fito na tarar da keken ɗinki a gindin durumi, a kan tabarma, a fili, rana tana haska ƙarfensa. Na ja ta gefe na roƙe ta. Na tuna mata da sharaɗin Baffa. Na tuna mata da Malam Gado da bikin da ya rage wata biyu. Har na kawo mata misalin wata 'yar'uwa a wani littafi da ta sadaukar da komai don ɗan'uwanta ya sami masoyiyarsa. Ta bar ni na gama, tana zura zare.

"Malam mai littafi," ta ce, "ita waccan ta takarda ce, ba ta jin ciwon baya. Shekara uku nika ɗinki da sunanka, ban ce maka ƙala ba. Kwana fuɗu nika so da nawa."

Na ce ai kwana huɗun nan za su cinye mini rayuwa. Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, da irin kallon da take yi wa yadi kafin ta sa almakashi.

"In an zana ni da mazari, ƙarya anka zana. Na yarda in yi ƙarya da baki don kai. Ban yarda a ɗauke ta a kai wata ƙasa a rataye ba."

Baturiyar da ta iso ta ga keke, ta dube ni, ta dubi Adda. Ta cire ƙyallen jiya daga katakonta ta ɗora sabo.

Kwana huɗu na zauna ina kallo, kuma kowace rana hankalina yana ƙara kwanciya. Ina zaune dab da gwiwar Baturiyar, ina ganin abin da take yi. Ba ta ja layin ido ba, ba ta ja na hanci ba. Sai ta ɗebo shuɗi ta ɗiga, ta ɗebo ruwan ɗorawa ta ɗiga kusa da shi, ta shafa kore a inda na san fuskar mutum ya kamata ta kasance. Kowane ɗan lokaci sai ta tashi ta yi baya-baya har bakin rumbu, ta tsaya ta ƙanƙance ido, ta dawo. Na ɗauka cinnaku ne ke damunta a gindin bishiyar, har na sa aka share wurin aka zuba toka. A raina na ce Allah ya rufa mini asiri: katunan nan na gwanaye ne, wannan kuwa 'yar koyo ce irina. Abin da ke kan ƙyallen ya fi kama da bangon da yara suka goge hannu bayan sun ci tuwo da miya iri uku. Adda ko sau ɗaya ba ta leƙa ba. Ɗinkinta take yi, wata babbar riga fara, da gaske take yi kamar ba kowa. Da aka gama, Baturiyar ta kira ta can bakin rumbu su biyu, suka tsaya jim kaɗan. Ni ina tattara tabarmi, ban bi su ba.

Bayan la'asar aka kai hoton zaure. Baffa ya kira Malam Gado, a matsayinsa na mai idon aikin hannu, da wasu dattawa biyu na unguwa. Baturiyar ta tsaya a waje gindin katanga da laimarta. Ni kuwa, ga ƙuruciya ga kunyar suruki, wurina can bakin ƙofa ne kusa da takalma, zira'i goma sha wani abu daga inda manya suke.

Kun san yadda maɗinki yake duba aiki. Ba ya tsayawa nesa. Yakan kawo shi dab da hanci ya bi ɗinkin da ido, ya shafa da ɗan yatsa, ya juya ya ga bayansa. Haka Malam Gado ya yi wa hoton nan. Ya kara shi a fuska, ya kankare wani tudun fenti da farce, ya shinshina, ya juya baya ya ga ƙusoshin da aka ɗame ƙyallen da su, ya ce ko kalmasa ba a yi wa bakinsa ba. Ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya kara a hanci. Ɗaya ya ce yana ganin kamar gonar rama bayan ruwan ƙanƙara. Ɗaya ya ce a'a, zabuwa ce aka fige. Baffa, wanda ya kwana huɗu yana fargabar a ce an yi surar ɗiyarsa, ya yi dariya har da share ido. Ya ce wannan ai ba hoto ba ne balle a yi maganar halas ko haram, baiwar Allah ta ɓata kwana huɗu da fenti a banza. Ya jingina shi da bango kusa da gwiwarsa, fuskarsa tana kallon ƙofa, ya juya suka shiga zancen farashin gero.

Sai na ɗaga kai.

Na karanta siffar mata kyawawa a littattafai fiye da yadda zan iya ƙirgawa, masu ido kamar madara da wuya kamar na barewa, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Amma ranar nan daga bakin ƙofa na ga Adda. Ɗige-ɗigen nan duk sun haɗu. Ga inuwar durumi tana zubo mata a kafaɗa tsabar-tsabar. Ga kallabinta ya zame baya kaɗan yadda yakan yi in aiki ya kama ta. Ga leɓenta na ƙasa da take cizawa in ta zo kwana. Hannun dama a kan mariƙin keke, bai fito sosai ba, ya zama kamar hayaƙi, domin juyawa yake yi. Hannun hagu kuwa a shimfiɗe kan farin yadi, kowane yatsa ya san inda yake. Koren da na raina a fuskarta hasken ganye ne. Farar rigar ba fara ba ce kawai, akwai shuɗi da ruwan hoda a cikinta, kamar yadda farin kaya yake da hantsi in ka tsaya ka duba da gaske. Shekara uku ina kwance a ɗaki ɗaya da matar nan tana wannan aiki, idona a kan takarda. Ban taɓa ganin ta ba sai da wata baƙuwa ta ɗiga ta a ƙyalle.

Kuma ga keken nan ɓaro-ɓaro, baƙi mai ratsin zinariya, ba mai cewa mazari ne.

Ina so in rubuta muku cewa na miƙe na yi magana. A littattafan da na sani, a nan ne saurayi yake miƙewa. Ban miƙe ba. Na sunkuyar da kai ina kallon takalman Malam Gado, ina roƙon Allah a kira sallar magariba da wuri. Baffa ya ce mini in ɗauki abin in miƙa wa matar mutane ta tafi. Na fara yunƙurawa ke nan sai muka ji sallama daga ƙofar cikin gida.

Adda ce, a durƙushe a bayan asabari, ta lulluɓe da mayafi. Ta gaida su ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, har ta tambayi Malam Gado ciwon ƙafarsa. Baffa ya ce mene ne, Kulu, ba ki ga da baƙi ba?

"Baffa, ka ce sai ka gani kafin shi fita. Ba ka gani ba tukuna. Ka taso ka tsaya inda Sahabi yake."

Baffa ya dube ni. Ya dafa ƙasa ya miƙe, ya tako a hankali har bakin ƙofa, na matsa masa, ya juya. Ina jin numfashinsa a saman kaina. Bai yi salati ba, bai yi faɗa ba. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa, ni kaɗai ya nufa.

"Tun ɗazu kana gani?"

Na ce e.

"Kana gani munka yi ta dariya?"

Na ce e, Baffa.

Malam Gado ya taso da sandarsa, shi ma ya tsaya a wurin. Ya kalli hoton, ya koma kusa da shi ya sake dubawa, ya dawo baya, sau biyu, kamar mai son ya kama inda dabarar take. Daga nan ya kama gefen rigar da ke jikinsa, wadda na kai masa kyauta da sallah, ya juyo cikinta ya kawo dab da ido. Ya tambaye ni ko wannan ma ɗinkinta ne. Na ce duka, Malam, tun daga taguwar mahauci. Ya saki rigar ya gyara zamanta a kafaɗa. Ya juya wajen asabari ya ce, Kulu, wa ya koya miki kwantar da wuya haka? Ta ce marigayi ya nuna mata farko, saura ita ta gano. Ya ce shekara arba'in yana sana'ar nan, mutum biyu ya sani da suka iya wannan, ɗayan ya rasu. Sannan ya sa takalmansa. A bakin ƙofa ya tsaya kusa da ni, bai dube ni ba.

"Da ka zo ka ce man ba ka iya ba, da na koya maka, in ba ka ita. Ba ɗinkin mace ya hana ka Luba ba."

An mayar mana da kayan neman aure kafin mako ya zagayo. Luba ta auri wani mai fataucin goro, ta haifi 'ya'ya takwas, na ji ta yi zaman lafiya. Na yi wata guda ba na iya buɗe littafi, domin duk wanda na buɗe sai in ga saurayin ciki ya fi ni.

Hoton kuwa, Baffa ya ce ba zai kwana a gidansa ba. Baturiyar, da ta gane abin da zanenta ya jawo, ta shigo da hawaye ta ce Adda ta riƙe shi ko ta ƙona, yadda ta ga dama. Adda ta ce ba ta zauna kwana huɗu don a ɓoye shi a ƙarƙashin gado ba, Baturiyar ta tafi da shi inda ake rataye irinsu. Da Turawan suka tashi daga bariki suka tafi da shi. Ban sake ganinsa ba, ban san a wane bango yake ba, ko ma yana nan.

Hukuncin Baffa bai zo da zafi ba, amma bai lanƙwasu ba. Maganar ta riga ta cika kasuwa. Maza suna tsokanar juna, ana ɗaga wa mutum hannun riga ana tambayarsa ko ta Kulu ce. Wasu sun daina sa rigunansu, wasu suka ci gaba da sawa suna rantsuwar a Sakkwato suka saya. Baffa ya ce keken nan ba zai sake ƙara a gidansa ba. Ko ta miƙa shi ga wani namiji ta koma kaɗi, ta zauna da mutuncinta har Allah ya kawo miji, ko ta san inda za ta kai shi. Ya ba ta kwana uku. Ba ta kai ukun ba. Da safe ta je ta durƙusa ta gode masa da riƙon da ya yi mana, ta ce za ta koma wurin kawunanmu a Kebbe. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya juya ya shiga turakarsa, kuma matarsa ta gaya mana daga baya bai ci abinci ba ranar.

Ba wanda ya kore ni. Amma mace ba ta tafiya ita kaɗai, kuma ba ni da fuskar zama a rumfa. Muka ɗaura akwatin keke a kan jaki, muka bi ta cikin gonakin da aka girbe, muka kwana a hanya. Ta yi mini magana sau ɗaya game da abin, muna hutawa a gindin wata tsamiya. Ta ce ta san abin da ta jawo mini, kuma ba za ta ce ta yi nadama ba, amma in ina son in koya da gaske, wannan karon littafi zai zauna a aljihu. Na ce to.

A Kebbe kawu ya ba mu ɗaki biyu da wata 'yar rumfa a ƙofar gida. Watannin farko ba namiji ko ɗaya da ya kawo yadi, labari ya riga mu isowa. Mata ne suka zo. Lokacin ne matan ƙauye suka fara sa riga a kan zane, kuma ba mai yarda namiji ya auna ta, sai dai a aika da tsohuwar riga ko a kwatanta da hannu, a kawo abu kamar buhu. Yanzu ga mace da za ta shiga har ɗaki ta auna. Tsofaffi suka riƙa shigowa da atamfa a ƙarƙashin mayafi, amare suka riƙa aiko a zo a gan su. Ni aikina juya mariƙi in hannunta ya gaji, da farke abin da na ɓata, da zama a rumfa ina korar awaki. Na koyi ɗinki daidai na cin abinci, ban wuce nan ba har na tsufa.

Ana gab da azumi, wata ranar kasuwa, wani dattijo ya sauka daga jaki a ƙofarmu, ya ce daga Fakku yake. Ya ɗauko farin yadi mai kyau a naɗe cikin buzu, ya ce ɗansa zai yi saukar karatu, an ce masa akwai maɗinki a gidan nan da ya zo daga Tambuwal, wanda ya iya wuyan riga. Ya ga igiyar awo a kafaɗata, ya miƙo mini yadin da hannu biyu.

"Kai ne maɗinkin?"

Ba kowa a wurin sai ni da shi da jakinsa. Ƙarar keke tana fitowa daga cikin gida.

Na ce, "A'a, Baba. Tana ciki. Yayata ce, Kulu. Ni awo nika yi mata."

Ya janye hannunsa. Ya tsaya da yadin a ƙirji, ya kasa kunne ga ƙarar, ya dubi hanyar da ya fito, doguwar hanya ce. Ya tambaya ko mutanen Fakku za su sani. Na ce in sun tambaye ni zan faɗa musu. Ya riƙa jujjuya yadin har jakin ya fara cin dangar kawu. Sannan ya ajiye yadin a kan tabarmata.

"To, ka ce mata yaron na da ƙaton wuya, kamar ni. Kada ta matse shi."